Gambar da Na Tumɓuke

Bazara ce, irin wadda rana ke fitowa da fushinta tun hantsi bai yi ba. Amma a shekarar ba wanda zafi ya dama. Damuna uku ke nan a jere ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, rumbuna ba a ga gindinsu ba, tabkin da ke kudu da mu ta wajen Gidimuni ya ƙi janyewa har tsakiyar rani. Kowa ka taɓa, bakinsa gyaɗa. Fataken Kano sun kafa sikeli a kasuwar Mirriya, kamyo, manyan motocin kaya, na ta jidar buhuna zuwa Zinder. Shekara biyu ne ko uku kafin a sauke tutar Faransa, ban riƙe ba, don a lokacin ban san ko bihim ba. Sai da na yaye 'ya'ya biyar sannan na zauna gaban mushe, wato malamin boko, a makarantar yaƙi da jahilci.

Garinmu ɗan ƙarami ne, kana iya zagaye shi kafin tuwo ya huce. A bisa jigawa yake zaune. In ka tsaya ƙofar gidanmu ka dubi kudu, ƙasa tana gangarawa a hankali, fara sol, har ta faɗa cikin kwari. Kwarin kuwa kore ne shar rani da damina: dabino, goruba, rake, rogo, da rijiyoyi gajeru, kowace da jigonta. Gaba da shi akwai fili mai farin gishirin kanwa inda ko ciyawa ba ta tsira, sai kuma ruwan tabki da bado da tsuntsaye. Tsakanin gari da kwari, a jikin gangaren nan, nan gayaunin mata suke. An ratsa su da jerin gamba uku, daga gabas zuwa yamma, kamar an ɗaura wa tudun ɗamara.

Ni 'yar Birni ce. A cikin Zinder na tashi, tsakanin duwatsu da katangun laka. Babana baduku ne, innata kuma ƙuli-ƙuli take soyawa. Gamba na san ta, amma a zana na san ta, an saƙa an kawo kasuwa a kan jaki. Ban taɓa ganin gindinta ba sai da aure ya kai ni ƙauye.

Al'adar garin, mace in ta yi haihuwar fari ta gama wanka, sai a yanka mata gayauna a gangare. Tawa ta zo a waccan bazarar, 'yata tana wata biyar a bayana. Maigidana ya kora jakuna da kanwa zuwa kudu, ba zai dawo ba sai hadari ya fara haɗuwa. Surukata, wadda nake kira Inna, kurkunu ya kwantar da ita, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Da ƙyar ta jingina da dogarin ƙofa ta nuna mini da sanda.

"Kin ga aduwar can? Daga ita har surin nan mai baki biyu. Naki ne, 'yar Birni. Allah ya sa albarka."

"Amin, Inna. Na gode."

Iyakar abin da aka faɗa mini ke nan.

Ban taɓa mallakar komai ba sai tasoshin ɗakina. Ran nan na je na tsaya tsakiyar wurin, na tura ƙafata cikin rairayi mai zafi, ina ta murmushi ni kaɗai kamar wata zararriya. Abin da ke raina guda ne: in shuka gyaɗa, in matse mai da hannuna, in cika kwalba in aika wa innata Birni, ta san 'yarta ba ta zama 'yar ci kawai a gidan mutane ba. Sai dai na lura jerin gamba na tsakiya ya raba gayaunar biyu, ya cinye mini wuri mai faɗin tabarma tun daga wannan gefe har wancan. Na ƙasan ma ya shigo mini sosai. Na ce a raina, mutanen ƙauye da ƙyuya, ciyawa ta yi gindi haka a gona an zuba mata ido.

Daidai ƙasan gayaunata garkar wani tsoho take, ƙanen kakan maigidana. Kaka muke ce masa. Idonsa ya fara hazo, ba ya hangen nesa, kullum yana ƙarƙashin dabinonsa yana jan jigo. Da yake ni matar jikansa ce, wasa ne tsakaninmu. In na gangara shan ruwa sai ya ce:

"Amaryata, yau ma kin zo dubawa ko na mutu ki ci gadon dabino?"

"Wane gado, tsoho? Haƙori ɗaya da jigo mai kukan jaki?"

"Haƙorin nan ɗaya ya ci dabinon da Birninku kaf ba su taɓa gani ba. Zo ki sha, ruwan miji ba a kunyarsa."

Ruwan rijiyar nan sanyi gare shi kamar na randar ƙasa. A gefenta ya dasa 'ya'yan dabino, ya ce ba shi zai ci ba, na goyon da ke bayana ne.

Kwana shida na yi ina tumɓukar gamba. Wanda bai taɓa ba bai san aiki ba ne. Saiwarta ta kama ƙasa kamar gashin kai, sai ka haƙa kewaye, ka danna da ƙafa, ka ja da baya. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. A rana ta uku maƙwabciyar gayaunata, wata doguwar mata mai tsaga a kumatu, ta tsaya da tulunta a ka ta daɗe tana kallona.

"Sannu, 'yar Birni," in ji ta. "Ke dai akwai ƙarfin hali."

Na ce mata yauwa, na gode. Har na ji daɗi.

Daga baya na san yadda maganar ta bi. A garin ba a gyara wa surukar wani gida kai tsaye, rashin ta ido ne. Sai matar ta gaya wa uwar mijinta, don ita ce tsarar Inna. Tsohuwar kuwa ta zo dubiya har sau biyu, ta ga ƙafar, ta ce ba a kai wa majinyaci mugun labari, bari ta ɗan sami sauƙi. Magana tana tafe da sanda, ni kuwa ina tafe da fartanya. Na tara saiwoyin na ƙone, na tace toka, har na zuba a miyar kuka. Inna ta ci ta ce, "Tokar nan taki da kyau."

Ruwan shuka ya sauka siriri, na bi da sungumi na binne gyaɗata, jeri tsaf babu abin da ya tare ni. Maigidana ya dawo, ya wuce gandu kai tsaye, bai sami leƙa gangare ba. Kwana goma bayan haka, ana idar da azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwan nan bai daɗe ba, amma tun da nake ban taɓa ganin irinsa ba. Tsakar gidanmu ta zama kogi. Yana ɗaukewa muka ji ana kiran salati daga kwari.

Na fita da goyo ko mayafi ban ɗauka ba. Duk ruwan da ya sauka a lungunan gari ya taru ya gangara, ya bi jerin gamba na sama yana neman ƙofa, ya tsiyaya ta cikinsa, ya iso wurina ya tarar babu mai tare shi. Ya tsaga gayaunata gida biyu, rami har ƙugu. Rairayin da ya kwasa kuwa, duk ya juye shi a garkar Kaka. Rijiya ta cike har baki. Jigo na tsaye, gugansa na lilo bisa busasshen wuri kamar ba a taɓa haƙa komai a nan ba. 'Ya'yan dabinon sai kan ganyensu kaɗai ake gani. Gayaunin da ke dama da hagu da ni kuwa, ko tsagewa ba su yi ba.

Mutane sun yi cirko-cirko, ba mai kallona, abin da ya fi mini ciwo a kan a ce kowa ya zage ni. Kaka yana tsugune yana tona gindin dabino ɗaya da yatsu. Na durƙusa na ce, "Kaka, sannu."

Ya ɗago. "Sannu, 'yar mutane," ya ce, ya ci gaba da tonansa.

Da yamma a gida na ji hukuncin. Maigidana ya zauna bakin rumbu ya haɗa kai da gwiwa. Shi mutum ne marar faɗa, shirunsa ne dukansa. Inna ce ta yi magana.

"Wadda ta karya gamba, karɓe gayaunar ake yi a ba wata. Kuma ba a sake yanka mata, ko za ta haifi goma. Tun da aka kawo ni garin nan sau ɗaya na ga an yi."

"Inna, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba." Ta shafa ƙafarta. "Abin da kowa ya sani, shi ne ba a tuna a faɗa. Wa zai ce wa mutum kada ya huda randa?"

Mai gari ya aiko cewa maganar tana hannun wanda aka yi wa ɓarna. Abin da Kaka ya ce, shi za a yi.

Gari na wayewa maza suka gangara da kwanduna suna yashe rijiya. Ni ina ɗaki, kunya ta hana ni ko zuwa ɗiban ruwa. Da hantsi sai na ji sandarsa a zaure.

"Ina 'yar Birnin? Ta ɗauko goyonta ta zo ta riƙe mini sanda. Idona ba ya kai ni inda za ni."

Na kama bakin sandar ina gaba, yana biye yana ce mini dama, hagu. Ba garka muka nufa ba. Muka bi gindin tudu yamma, muka wuce inda awaki ke kiwo, har muka iso wata kuka guda, gajeruwa ƙwarai, rassanta kusan a ƙasa. Na sha ganinta ina mamakin kuka mai ƙiba haka ba tsawo.

"Taɓa reshen nan," in ji shi. Na taɓa. "Kakana ya ce da tsani suke hawa su kai gare shi. Kukar ba gajeruwa ba ce, binne ta aka yi. Garinmu na fari yana ƙarƙashin ƙafarki."

Na janye ƙafata ba shiri. Ya ɗan yi dariya ta hanci.

Ya ce mutum biyu suka sari wurin, wani maharbi Bahaushe da wani Babarbare mai haƙar rijiya, zamanin da sarakunan Damagaram ke yaƙe-yaƙensu, talaka yana neman kwarin da zai ɓuya. Suka haƙa rijiya gindin kukar, ruwa a gaba biyu. Jama'a ta taru, aka sare sabara da kalgo na jikin tudun aka yi gonaki. Daga nan tudu ya fara tafiya. Ba da gudu ba. Bana ya ci danga, baɗi ya ci akurki, wata shekara a wayi gari ƙofar ɗaki ba ta buɗuwa. Ran da rijiya ta cike, suka kwashe.

Muka juya kudu, muka ratsa kwari ta cikin inuwar goruba, muka fita filin kanwa. Rana ta take, goyona ta fara ƙananan kuka, na juyo da ita gaba na ba ta nono muna tafe. A bakin tabki ya ce in duba ƙasa. Tsingaro ne birjik, fasassun tukwane da duwatsun murhu sun yi baƙi, ruwa na lasarsu.

"Nan ne na biyu. Nan aka haife ni. Suka ce tunda rairayi ya kore mu, bari mu matsa inda ba rairayi. To, ruwa ma yana da ƙafa. Shekarun ƙoshi irin waɗannan suka zo, tabki ya shigo har masallaci, sauro ya kwashe yara. Ni da yayana, kakan mijinki, a kan wuyan mutane aka fitar da mu."

Ya nemi wani kututturen dabino ya zauna. Ya ce da suka rasa ta yi, sai suka hau bisa tudun da kansa, tunda abin da kake zaune a kai ba ya binne ka. Amma abincinsu na rani yana kwari, tudun kuwa bai fasa gangarowa ba. Maza suka yi ta kafa shingen ƙaya, ruwa na tafiya da shi. Wata tsohuwa ce, baƙuwa, an auro ta daga yamma wajen Dakusa, ta lura duk inda gindin gamba yake, rairayi na taruwa a bayansa ya tsaya. Ta fara dasawa ita kaɗai ana mata dariya. Da aka ga garkar mijinta ce kaɗai ta tsira, sai mata suka bi ta.

"Kin san abin da ya sa gangare na mata ne?" ya tambaye ni.

Na ce, "Don yana kusa da gida."

"Haka mazanku ke faɗa. Namiji da rani ya tafi fatauci, da damina yana gandu. Mace ce kullum tana nan. In gindi ɗaya ya mutu, ita za ta gani ta cike gurbin. Da kaka ki yanki kan gambarki ki yi zana, ki sayar in kin so, ba mai tambayarki. Gindin ne ba naki ba. Gayaunar nan ladan tsaro ce, 'yar nan. An ba ki ladan, ba a nuna miki aikin ba."

Hawaye suka zubo mini a kan goyon. Na ce, "Kaka, a karɓe. Na cancanta."

"Ke kika san wannan."

Muka komo a hankali. Daga wajen tabki, garin yana can sama ƙanƙane, rumbuna kamar an jera tukwane. Ɗamara ukun nan sun fito sosai, kore a jikin fari, da giɓi guda da ya ratsa ta tsakiya da ta ƙasa, nawa. Ko daga nesa haka ana ganinsa.

Bayan la'asar aka taru ƙofar gidan mai gari. Ni ina daga cikin zaure da Inna, wadda ta ce ko da rarrafe sai ta zo. Muna jin komai ta jikin zana. Wani ya ce al'ada al'ada ce, in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa gobe kowa ya ga gyaɗa na kuɗi zai tumɓuke tasa. Gaskiya ya faɗa, don a shekarun nan an fara cin gefen jerin da kaɗan-kaɗan, kowa ya sani. Maigidana ya ce shi dai haƙuri yake bayarwa, kuma yashe rijiya a wuyansa yake.

Sai Inna ta ɗaga murya daga inda take, abin da ban taɓa ji ta yi gaban maza ba.

"Ni na nuna mata wurin da sanda daga bakin ƙofa, kamar mai korar kaji. In za a karɓe, a haɗa da tawa."

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "To, Baba, kai muke saurare."

Kaka ya ce, "In kun karɓe, wa za ku ba? Wace mace ce za ta karɓi rami? Kowa gyaɗa yake so. Wadda ta san nauyin saiwar gamba a garin nan yau, ita ce wadda ta kwana shida tana jan ta. A bar mata. Amma damuna uku ba gyaɗa, ba wake, ba ko kuɓewa. Gamba za ta noma. In jerin ya haɗe, ramin ya cike, gayauna tata ce har jikokinta. In bai haɗe ba, ku yi al'adarku."

"A ina za ta sami irin?" wani ya tambaya.

"Inda tsohuwar farko ta ce a samu. Ba a ɗebo ta daga daji, ta daji ba ta san gangare ba. Ta bi matan garin ɗaya-ɗaya, kowace ta tsaga mata daga gindin tata. Wadda ta ga dama."

Wannan ya fi mini damuna ukun nauyi. Mai na kwalba ya tafi, na haƙura da shi tun a bakin tabki. Amma in tsaya gaban kowace mace a garin da kwando, ni da aka riga aka sa wa ido ana cewa 'yan Birni ba su iya komai ba sai lalle, in roƙi ciyawar da na ƙone na zuba a miya. A hanyar gida Inna tana dafe da kafaɗata ta ce, "Kada ki aiki kowa, kada kuma ki yi dogon bayani. Ki yi sallama, ki ce kin zo roƙon gamba. Wadda ta yi miki gatse ki ce na gode. Kuma ki dasa tun ƙasa na da laima, tsagin ba ya son ya wuni a kwando."

Washegari, bayan na ɗora wa Inna ruwan zafi na share tsakar gida, na goya 'yata, na ɗauki kwando da fartanya. Gidan doguwar matar nan mai tsaga na fara zuwa, don gayaunarta ce ke manne da tawa, daga nata jerin nawa zai kama. Na same ta tana daka. Na yi sallama, na durƙusa, na ce na zo roƙon gamba.

Ta tsayar da taɓarya ta dube ni, ta dubi kwandon.

"Wannan ɗan kwandon? Ke 'yar Birni, ramin naki kin gan shi kuwa?" Ta leƙa ɗaki ta jawo wani babba ta jefo mini. "Tashi mu je, kafin rana ta yi. Ni zan tsaga, ke ki kalli hannuna."

Muka gangara. Ta sa fartanya a gindi na farko ta raba shi uku, ta bar biyu a wurinsu, ta miƙo mini ɗaya da ƙasarsa. Na kai shi bakin ramin, na haƙa da hannu, na dasa, na danne da dunduniya. Sannan na koma na karɓo na biyu.